Zogale a garin ƙanƙara: abin da ke kashe shukarmu a ƙasashen sanyi, da yadda ake tsallakar da ita

Wata Asabar a ƙarshen Satumba, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida ƙanena da ke Winifeg ta ƙasar Kanada ya kira ta bidiyo. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya juya wayar ya ce, “Yaya, dubi abin da ya same ni.” Zogale ne guda uku a bayan gidan da yake haya, waɗanda ya yi wata huɗu yana turo mana hotonsu har suka kai masa kafaɗa. Jiya da yamma, in ji shi, kore shar ya bar su. Da safe ya tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Inna ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Kai yaro, wa ya sa maka wuta?” Ya ce sanyi ne, Inna. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin inda sanyi ya ƙona ganye ba.

Gaskiyarta ce. Mu nan gefen Kura lokacin sanyi lokacin neman kuɗin manomi ne. Da Nuwamba ta kama ake shuka alkama da ruwan Tiga, a dasa tumatir da albasa, kuma kowa ya san shekarar da hunturu ya yi ƙarfi alkama ta fi yin ido. Sanyin da ke hana mu wankan asuba, ya sa tsofaffi kwana da kaskon wuta, idan aka auna shi a Disamba ko Janairu yawanci wajen digiri 13 ne a ma'aunin Salshiyas. Ruwa kuwa sai a sifili yake daskarewa, kuma ƙasar Kano ba ta zuwa nan. A Winifeg daren Janairu na yau da kullum yakan kai 20 ƙasa da sifili, 30 ma ba labari ba ce. Firizar masu sayar da ƙanƙara a kan 18 ƙasa da sifili ake saita ta. Ke nan duk wanda ya bar shuka a waje a garin nan, ya ajiye ta a wurin da ya fi firiza sanyi, kuma watanni za ta yi a haka.

Kalma ɗaya muke da ita a baki, sanyi, amma kisan da yake yi iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya ci zogalen ƙanena. Jikin ganye 'yan mitsi-mitsin ɗakuna ne cike da ruwa, kowanne da siririyar fatarsa, ido ba ya ganinsu. Idan dare ya kai sifili, sai ƙanƙara ta fara tsirowa a 'yan ratar da ke tsakanin ɗakunan, tana zuƙo ruwan da ke cikinsu, su motse, fatar ta yayyage. Muddin ganyen yana daskare ba za ka ga komai ba, yana nan tsaye ƙyam. Sai rana ta fito ya narke, ruwan ya tsiyaye ta inda ya yage, sannan ka ga ya yi laushi ya yi baƙi. Da Inna ta ambaci wuta ba ta yi nisa ba, domin tafasasshen ruwa ma wannan fatar yake lalatawa, shi ya sa kamannin suka zo ɗaya. Itatuwan can sun gaji dabarar kare kai. Da yini ya fara gajarta sukan zubar da ganye, su tara sukari a jiki, su rage ruwan da zai daskare. Zogale da kuɓewa da gwanda ba su gaji wannan ba, don a inda suka fito ba a taɓa buƙatarsa ba.

Abin da ya fi ɓata wa ƙanena rai shi ne wayarsa ta ce masa daren zai tsaya a digiri 3, shi kuma ya san sai sifili ruwa ke daskarewa, sai ya yi kwanciyarsa. Ma'aunin masu hasashen yanayi a sama yake, wajen tsayin ƙirjin mutum. Ƙasa da fuskar ganye sun fi nan sanyi, musamman a daren da babu gajimare kuma iska ta kwanta, domin zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tashi ya wuce sama babu abin da zai tare shi. Iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, gangarawa take yi ta taru a kwari kamar ruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a fadama gadin tumatir ya san wannan ba tare da ma'auni ba: daren da taurari suka fito tar, gari ya yi tsit, asubarsa ita ce mai cizo, kuma mai kwana a kwari ya fi mai kwana a tudu shan wuya. Shi ya sa masu lambun can, da sun ga an ce 4 ko ƙasa da haka kuma sama ta yi garau, suke lulluɓe shuka da tsohon bargo ko zanen gado tun kafin magariba.

Kisa na biyu a hankali yake yi, kuma ba ya jiran ƙanƙara. Daga wajen digiri 10 ko 12 zuwa ƙasa shukar ƙasar zafi take fara jin jiki. Wancan siririyar fatar da na ambata da maiƙo aka yi ta, kuma maiƙo kala-kala ne. Ka dubi kwalbar manja da ta man gyaɗa da safiyar hunturu: manjan ya yi barci sai an kai shi kusa da murhu, man gyaɗa kuwa yana zuba. Maiƙon da ke jikin shukarmu irin mai saurin barci ne. Idan ya ƙage, ɗakunan ba sa iya riƙe abin da ke cikinsu, saiwa ta kasa jan ruwa, ganye ya yi rawaya, a ga tabo-tabo. Ayabar da aka manta a firij ta wayi gari baƙa, wannan ciwon ne. Masu kuɓewar rani ma sun san ɗanɗanonsa, domin wadda aka shuka a tsakiyar muku-muku takan zauna wuri ɗaya ta ƙi gaba har sai gari ya fara ɗumi. Don haka wanda ya ce zai jira raɓar farko ta daskare kafin ya shigar da tukwanensa ɗaka, ya makara da makonni. Lokacin shigarwa shi ne da dare ya fara taɓa 10, kuma a Winifeg wannan tun farkon Satumba ne.

Idan ka shiga shagon sayar da tsirrai a can za ka ga lamba a jikin shuke-shuke da yawa. Ma'aikatar gona ta Amurka ta raba ƙasarsu yanki 13 bisa mafi tsananin sanyin da wuri kan gani a shekara, kuma ta sabunta taswirar a 2023. Kanada na da tata, Ingila ma ƙungiyar masu lambu ta RHS na da nata ma'aunin daga H1 zuwa H7. Winifeg tana can wajen yanki na 3, zogale kuma sai daga na 9 ko na 10 zuwa sama yake kwana a waje. A ganina ɗan Kano bai kamata ya ɓata lokaci a kan lambobin nan ba, don amsar da za su ba shi a kan kusan duk shukar gida ɗaya ce: ba za ta kai ba. Abin da zai amfane shi ranaku biyu ne, ranar da raɓa ke daskarewa ta ƙarshe a bazara da ranar da take farawa a kaka. A Winifeg daga ƙarshen Mayu ne zuwa wajen ƙarshen Satumba. Wata huɗu.

Da na ji wata huɗun nan sai abin ya zauna mini. Ai tsawon daminarmu ke nan, Yuni zuwa Satumba. Mu ma wata huɗu gona ke ba mu, sauran takwas ɗin dabara ce. Hunturunsu shi ne raninmu, sai dai abin da ke yankewa ya bambanta: mu ruwa, su ɗumi da haske. Kuma in ka duba yadda Baffa ke tsallakar da amfaninsa daga damina zuwa damina, za ka ga hanyoyi ne sanannu. Gero da wake iri ake ɗiba a adana, uwar ta mutu. Itacen rogo a ɗaure shi dami a jingine a inuwa. Yaɗon dankali a kai shi bakin fadama ana ɗan ba shi ruwa har ruwan sama ya sauka. Kuka da zogalen bayan gida kuwa ba a yi musu komai, su kaɗe ganye su yi barcinsu. Abin da Bature mai lambu yake yi a Oktoba ke nan, bai ƙara ko ɗaya ba. Wahalar ita ce gane wace shuka ke son wace hanya.

Kafin a zo nan sai an fahimci maganar haske, wadda mu ba mu taɓa lissafa ta cikin matsalolin noma ba. A Kano, da ke digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yini mafi gajarta bai gaza awa 11 ba, mafi tsawo bai kai 13 ba. Winifeg tana kusa da digiri 50. A Yuni yininta ya haura awa 16, a Disamba kuwa awa 8 ne da 'yan mintuna, kuma ranar ba ta hawowa tsaka, can ƙasa-ƙasa take bi ta kudu kamar hantsin da ya ƙi cika. Shukar da aka shigar falo tana samun ɗumin hita, jikinta na ce mata ta girma, amma hasken da za ta haɗa abinci da shi babu. Sai ta yi tsawon banza, siririya, fara-fara, irin dawar da ta tsiro a gindin mangwaro. Tagar da ke kallon kudu ita ce mai daraja a gidan, in kuma babu, sai fitilar shuka ta LED da ake kunnawa awa 12 zuwa 14 a yini.

Tsawon yini yana da wani aikin kuma, wanda ya ci wa ƙanena yakuwa. Ya shuka ta da niyyar shan zoɓon gonarsa. Ta yi kyau har maƙwabta na tambaya, ta yi rassa, ta yi ganye fal, amma fure ko ɗaya. Yakuwa na cikin tsirran da ke auna tsawon dare, ba ta fure sai yini ya gajarto zuwa wajen awa 12. Manomanmu sun san halin nan a jikin dawa: wanda ya shuka farafara ko ƙaura da ruwan farko da wanda ya makara da mako uku, kusan lokaci ɗaya dawarsu ke fitar da kai, a ƙarshen damina. A nan wannan hali rahama ne, don yana sa hatsi ya nuna bayan ruwa ya ɗauke. A Winifeg kuwa yini ba ya saukowa awa 12 sai wajen ƙarshen Satumba, daidai makon da raɓa ke fara daskarewa. Ranar da yakuwa ta yi niyyar fure ita ce ranar ajalinta. Rama ma haka take. Abin da wannan ke nufi ga mai ɗan fili a bayan gida shi ne ya fi karkata ga abin da ganyensa ake ci. Alayyahu, lalo, rama, yakuwar miya, zogale, duk suna yi, kuma dogon yinin Yuli na sa su tofo kamar ana jan su.

Hanyar iri ita ce mafi sauƙi, kuma da za a bi ta tawa kashi mafi yawa na kayan lambun can ta nan za su bi. A bar uwar ta mutu, a sake sabo baɗi. Sai dai wata huɗu ba ya isar attaruhu, wanda kan ɗauki wata uku zuwa huɗu bayan dashe kafin ya nuna. Saboda haka ake renonsa a ɗaka tun Fabrairu ko farkon Maris, dusar ƙanƙara na zuba a waje, a 'yan kofuna a kan wata shimfiɗa mai ɗumi da ke riƙe ƙasar a wajen digiri 25 zuwa 30, don a ƙasa mai sanyi irin ba ya tsirowa, ruɓewa yake yi. Kuɓewa mako huɗu kafin fita ya ishe ta, kuma ba ta son a taɓa mata saiwa wajen dashe.

Masu saiwa, irin su gwaza da citta da dankalin Hausa, tono su ake yi. A girgiza ƙasar, kada a wanke, a shanya 'yan kwanaki a wuri mai iska har fatar ta bushe, a jera a kwali cikin dusar katako yadda ba za su taɓa juna ba, a kai wuri mai duhu. Dankali tsakanin digiri 13 da 16 yake so, ƙasa da haka cikinsa ke lalacewa, don haka firij da garejin da ba a ɗumamawa duk sun fita. Sau ɗaya a wata a buɗe a duba, wanda ya fara laushi a cire shi kafin ya shafa wa 'yan'uwansa. Citta a Kachia wata takwas zuwa goma take yi a ƙasa, lokacin da can babu shi, sai dai a tukunya, a ci ta ɗanya ba ta gama ƙosawa ba.

Hanyar barci ita ce na fi son in tsaya a kai, domin nan ne aka fi yin asara, kuma mai shukar ne ke yin ta da hannunsa. Shekara ta biyu ƙanena ya yi wayo. Ya shuka zogale uku a manyan bokitai da ya huda wa gindi, Satumba na kamawa ya datse su ya bar kamar kamu biyu, ya sauke su ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda injin wanki yake, wurin da ba ya sauka ƙasa da 12 ko 13. Har nan bai yi kuskure ba. Amma duk sanda ya sauka wanki sai ya ga sanduna tsirara babu ganye, tausayi ya kama shi, ya ɗebo ruwa ya zuba. Bayan kwana uku ya ƙara. Wajen Disamba ya kira ni ya ce ɗakin na wani irin wari. Na ce ya danna gindin da yatsa. Yatsan ya shige kamar a dafaffen rogo. Biyu sun tafi. Na ukun ya tsira ne don kwalaye sun tare shi a lungu, ya manta da shi.

Da na ba Baffa labari dariya ya yi, ya ce, “Ka ce masa mai barci ba a ɗura masa kunu.” Bayanin kuwa a fili yake. Ganye shi ne bakin da ke jan ruwa daga saiwa ya fitar da shi sama. Babu ganye, babu mai sha, ruwan da ka zuba yana nan zaune. Saiwa numfashi take yi, tana buƙatar iskar da ke cikin ƙofofin ƙasa, ruwa kuma ya cike su. Ga sanyi ya riga ya raunana ta. Ƙwayoyin ruɓa ba abin da suke so kamar ƙasa mai sanyi da laima. Zogale kuma ƙaraminsa saiwa gare shi mai kauri kamar karas, rumbun ruwa ne da abinci, da ita yake cinye rani a bayan gidanmu ba mai ba shi ko kofi ɗaya. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma ita ce jarinsa. Abin da yake buƙata ɗan kofi guda a wata, shi ma sai an tura yatsa cikin ƙasar an ji ta bushe ƙamas. Taki kuwa haramun ne daga Oktoba har Maris. Shuka mai bushewa a sanyi takan jure abin da mai jiƙa ba za ta jure ba, kuma masu ajiye 'yar kuka a tukunya don ado sun san in ta kaɗe ganye ba a kusantarta da ruwa sam.

Attaruhu ma yana bin wannan hanya, abin da da yawa ba su sani ba. Mu muna nomansa kamar na shekara ɗaya, amma asalinsa ɗan itace ne mai shekaru. Idan aka aske shi aka bar 'yan rassa biyu ko uku, aka ajiye a wuri mai ɗan sanyi da ɗan haske, baɗi zai riga wanda aka shuka daga iri yin 'ya'ya da makonni, kuma a garin da damina wata huɗu ce makonni ba abin wasa ba ne. Ayaba a yanke ganyen a shigar da kututturen. Akwai ma wata irin ayaba da ake kira Musa basjoo, wadda masu lambu a Ingila ke bari a waje su naɗe ta da ciyawa da buhu, ta sake tofowa a bazara. Ta ado ce dai, 'ya'yanta ba sa ciyuwa.

Saura waɗanda ba sa barci, irin lemun tsami da lalle, da dole a zauna da su a farke. A nan abin dariya ke faruwa: mutum ya gudu daga hunturun Kano, hita ta haɗa masa wani a falo. Iskar ɗakin da ake ɗumamawa bushewa take yi ƙayau, leɓe ya tsage, bakin ganye ya ƙone. Wannan busasshiyar iska ita ce daɗin wasu 'yan mitsitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganye. Ga darɓa, ga farin ƙuda. A waje ruwan sama na wanke su, wasu ƙwarin na cinye su, a falo kuwa babu mai taɓa su, sai su yi ta haihuwa. Shi ya sa ake wanke shuka tas, gaba da bayan ganye, kafin a shigo da ita, a kuma ware ta mako biyu kafin a haɗa da sauran. Cikin abin da masu lambun can ke amfani da shi, ban da ruwan sabulu, akwai man darbejiya a 'yar kwalba. Ƙanena ya turo mini hoton kuɗin da ya biya, ni kuma na turo masa hoton yaran gidanmu suna share 'ya'yanta a ƙofar gida za su kai juji. Lemu kuwa ya fi son ɗaki mai haske da ɗan sanyi-sanyi, wajen digiri 10, a kan kusa da hita. Idan tukunyar na kan daɓe mai sanyi kuma ganyen na shan zafi, saiwar ba ta iya biyan abin da ganye ke nema, sai ya zube gaba ɗaya.

Wannan fama ba yau aka fara shi ba, kuma da can sai sarakuna. A fadar Versailles ta Faransa, tsakanin 1684 da 1686, an gina wa Sarki Louis na 14 wani makeken ɗaki don lemu kawai. Har yau itatuwan a manyan akwatuna suke, a turo su waje idan gari ya yi ɗumi, a mayar kafin sanyi. A lambun Kew na Landan an gina gidan gilashin da ake ajiye dangin dabino da kwakwa tsakanin 1844 da 1848. Ayabar da ta cika kasuwannin duniya a yau, Cavendish, sunan gidan wani basaraken Ingila take ɗauke da shi, domin a ɗakin gilashinsa na Chatsworth mai lambunsa Joseph Paxton ya rene ta a shekarun 1830. Bokitin ƙanena jikan waɗancan akwatunan ne.

Fitarwa a bazara ma tana da nata tarkon. A Afrilu akan samu kwana uku ko huɗu na ɗumi, mutane su cire manyan riguna, mai gaggawa ya kwashi tukwane ya kai waje. Mu ma mun san irin wannan yaudara: ruwan farko ya sauka da ƙarfi, mai zumuɗi ya yi shuka, sama ta ɗauke mako uku, a dawo ana neman iri. Mutanen Kanada da yawa ba sa dasa komai mai rauni sai bayan hutun ranar Victoria a ƙarshe-ƙarshen Mayu, masu kuɓewa da barkono a Winifeg har Yuni sukan jira don ƙasa ta yi ɗumi. Kuma ba a fitarwa rana ɗaya. Ganyen da ya tofo a ɗaka fatarsa ba ta san rana ba, in ka kai shi fili kai tsaye fari zai yi ya ƙone, ko da kuwa zogale ne ɗan ƙasar rana. Awa ɗaya ko biyu a inuwa ranar farko, a mayar, gobe a ƙara, haka har mako ɗaya ko kwana goma. Dalilin da ya sa muke dashen tumatir da yamma ke nan, don ya kwana ya farfaɗo kafin ya haɗu da rana.

Maganar iri, tun da na san akwai masu shirin cusa shi a safa cikin jaka. Ƙasashen nan ba sa wasa da shigo da tsiro, ƙasar noma kuwa ba sa bari ta shiga sam, saboda cututtuka da ƙwari. Hanyar da doka ta sani ita ce takardar lafiyar tsirrai, wadda a Najeriya hukumar killace kayan gona ta NAQS ke bayarwa, sannan a bayyana kayan a filin jirgi. Sau da yawa ma wahalar ba ta taso ba, don irin zogale da kuɓewa da alayyahu ana sayar da su a can. Zogalen kansa asalinsa ƙasar Indiya ne, kuma Indiyawa sun riga mu cika garuruwan.

Idan lissafin kuɗi za a bi, ban ga riba a ciki ba. Kuɗin fitila da ƙasar buhu da bokitai sun fi kuɗin busasshen zogalen shagon 'yan Afirka, kuma na faɗa wa ƙanena haka. Bai musa ba, bai kuma daina ba.

A tsakiyar Afrilu ya janye kwalaye don neman wani abu, sai ga bokitin da ya manta. A jikin sandar, ƙasa-ƙasa, wani ɗan toho kamar kan ashana. Ya hau da shi kusa da tagar kudu, ya fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, bai fitar da shi ba sai makon farko na Yuni. A Agusta ya kira, wannan karon da faranti a hannu, kwaɗo ne da bai fi cikin tafi biyu ba. Inna ta matso da wayar kusa da ido kamar wancan karon, ta ce, “To, ina ka samo ƙuli-ƙuli?” Ya ce babu, markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba ya sa, irin wadda yaran can ke shafa wa burodi. Ta ce har da sukarinta? Ya ce eh. Ta miƙo mini wayar ta ce in tambaye shi ko akwai mai tafiya garin nasu kafin sanyi ya shigo, za ta soya masa ƙulin.